Shekarun da aka rubuta wa Lukuman

Akwai wani malamin sakandare a Nasarawa Gwom cikin garin Jos, ana ce masa Malam Ishaku. A shekarar 1978 aka ɗora masa shirya wa ɗalibai muhawara: yaron da ya aikata babban laifi, a yi masa shari'a irin ta manya ko kuwa?

Shi dai tuni ya yanke nasa hukuncin. Ya yanko hotunan 'yan fashi daga jaridu, an ɗaure su a jikin duro za a harbe, ya liƙe a allo.

Abokin aikinsa Mista Pwajok, wanda a da hedimastan firamare ne, ya ce, "Malam, ka ba su hujjar ɗaya ɓangaren ma. Hankalin yaro bai gama nuna ba."

Malam Ishaku ya ƙyalƙyale da dariya a gaban sauran malamai. "Wanda ya iya zare wuƙa ai ya girma. Irinku ne ke lalata mana su."

Ranar Talata da hantsi matarsa Binta ta faɗo makarantar, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Malam, sun kama Lukuman!"

Lukuman ɗansu ne, shekararsa sha biyar, amma ya fi ubansa tsawo. Ashe wasu samari biyu ya bi, suka tare wani mahauci a hanyar mayankar Abbatuwa da wuƙa, suka ƙwace masa keke. Shi aka sa ya tsaya yana duba hanya.

A caji ofis sajan ya juyo masa takarda. An rubuta shekara sha tara.

"Oga, wallahi sha biyar ne!"

"Kowane uba haka yake faɗa. Dubi tsawonsa. Kawo shaida kafin Juma'a, in ba haka ba kotun 'yan fashi za shi tare da manyan."

A gida aka haifi yaron, babu takardar haihuwa. Duk inda Malam Ishaku ya juya, duron nan yake gani da ɗansa a jiki.

Ya ruga tsohuwar firamaren Lukuman. Aka ce an kwashe tsofaffin rajista tun da ruwa ya yaye kwanon ofis, kuma hedimastan lokacin ne kaɗai ya san inda aka kai su. Mista Pwajok ke nan.

Cike da kunya Malam Ishaku ya je ƙofar gidansa a Gada Biyu ya yi sallama. Mista Pwajok ya saurare shi har ƙarshe, bai tuna masa komai ba. Hularsa kawai ya ɗauka.

"Tashi mu je, Malam. Lokaci na tafiya."

Kwana biyu suka yi a wani tsohon sito suna zazzage kwalayen da gara ta cinye. Ranar Alhamis da la'asar Mista Pwajok ya ɗora yatsa a kan wani layi. Ga sunan, ga shekarar shiga aji ɗaya, ga shekarun yaron da rubutun hannun shi Mista Pwajok ɗin.

Da kansa ya tsaya a kotu ya ba da shaida. Alƙali ya raba shari'ar Lukuman da ta manyan, aka yanke masa shekara uku a gidan gyaran hali.

Za a sa shi a mota, Lukuman ya ƙanƙame rigar ubansa.

"Baba, ba za su harbe ni ba?"

"Ba za su harbe ka ba. Amma laifi ka yi, kuma za ka ɗauki horonsa."

Yaron ya fashe da kuka irin na ƙananan yara, har sajan ya kau da kai.

Darasi: Yaron da ya yi laifi a hore shi, amma horon da zai bar masa hanyar gyaruwa. Kafin ka nemi a tsananta wa ɗan wani, ka ɗauka naka ne a tsaye. Ku tura wa iyaye da malamai su ma su karanta.