Lambar Da Ta Ƙi Motsi

Akwai wani mai gyaran kayan wuta a Runjin Sambo, ana ce masa Attahiru. Hannunsa na da albarka, wannan ba mai musu. Rediyo, inbata, cajar waya, duk abin da ya mutu in ya shiga shagonsa sai ya tashi. Ciwonsa guda ne: ba ya son a yi masa gyara.

Attahiru na da mitar da yake auna ƙarfin batir da ita. Ya so mitar ta riƙa aika awonta cikin kwamfuta, amma wayar da ke haɗa su ba a samunta a gari. Sai ya ce shi zai ƙera tasa adaftar, wato mahaɗin mita da kwamfuta. Ya tsinto kayan cikin tsofaffin rediyo, ya liƙe su da dalma, ya zuba cikin robar sabulu. Adafta ta tashi, ta kuma yi aiki. Lamba ta fito kore shar a fuskar kwamfuta, alamar batir lafiya lau.

Da zai haɗa, sai ya cire 'yar fuskar mitar, ya ja wayoyinta zuwa adaftar. Maƙwabcin shagonsa, Sodangi mai walda, ya leƙo.

"To in robar sabulun ga ta yi ƙarya, ina za ka duba?"

Attahiru ya yi dariya. "Sodangi, koma ga ƙarhenka. Abin da ni ƙera da hannuna ba ya ƙarya."

A lokacin mahaifiyar Attahiru, Inna Tani, tana kwance da ciwon ƙirji. An sallamo ta daga asibiti da injin da ke ba ta iskar numfashi, aka ce kada ya tsaya. Attahiru ya sa mata batir da inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, saboda ɗaukewar wuta. Ya kwaso mita da adafta da kwamfutar ya girke a ɗakinta. Tsohon janareton gidan kuwa, da ya lalace, aka tura shi bayan zaure.

Yayarsa Balkisu ita ke jinya. Da bazara ta kankama, ta tare shi a tsakar gida.

"Attahiru, batirin ga zahi shikai. Na taɓa shi, kamar tukunya. Kuma wari shikai irin na ruɓaɓɓen ƙwai."

"Yaya, garin ne duka ke da zahi. Mi kwamfuta ta ce?"

"Abin da ta ce jiya, shi ta ce yau. Da wuta da ba wuta, lamba guda. Ni ban yarda da abin da ba ya motsi ba. Ka gyara muna janareto."

"Lamba ta tsaya don aikina tsayayye ne. Ke dai riƙe kunu da magani, ki bar min wuta."

Daga ɗaki Inna ta ɗago murya da ƙyar. "Ku bar hwaɗa saboda ni. Balkisu, ƙyale shi, ya san aikinai."

Ya kuwa ji daɗin maganar nan. Ko kallon batirin bai yi ba ya fita.

Wata ranar Talata bayan azahar aka ɗauke wuta. Batir ya karɓa, ya riƙe kaɗan, sai inbata ta yi ƙara ta mutu. Injin Inna ya yi shiru.

Balkisu ta kira shi tana kuka. Abin da ya fara ce mata shi ne, "Duba kwamfuta!"

"Kore ne, Attahiru! Kore ne, kuma Inna ba ta numfashi!"

Maƙwabta suka ja janareto, ya ƙi tashi. Aka ruga neman keke mai ƙafa uku a wannan rana mai ƙona ƙafa. Kafin a kai bakin asibiti, Inna Tani ta cika a kan cinyar 'yarta.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Attahiru ya shiga ɗakin. An kawo wuta. Ya kunna kwamfutar, ya sake maƙala mita a batir, wata sabuwar lamba ba ta zo ba. Tsohuwar dai ce zaune. Ya zare wayar daga batirin gaba ɗaya, ya riƙe ta a hannu. Lamba tana nan kore.

Ya fasa robar sabulun. Liƙin dalma guda ne ya sake a ciki. Tun ranar da ya sake, kwamfuta take maimaita awon ƙarshe da ta samu.

Balkisu na tsaye bakin ƙofa. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Har yanzu lahiya lau ta ce, ko?"

Ta naɗe tabarmar Inna ta fita.

Darasi: Rai na Allah ne, kuma kwanan Inna ya ƙare, amma za a tambayi mai sakaci sakacinsa. In ka ƙera abu, ka bar hanyar da za a kama shi in ya yi ƙarya, kuma ka saurari wanda ke kwana kusa da shi ko da bai san sunan waya guda ba. 'Ya'yana, ku tura wa duk mai sana'ar da ba a isa a ce masa "sake dubawa" ba.