Jakin da Kullum Yake Lafiya Lau

Babu kaya mai nauyi a duniyan nan kamar kyautar da aka damƙa wa mutum domin wasu. Balle idan kyautar tana da ƙafa huɗu, tana kuma cin harawa.

An yi wani maigida a wani ƙauye da ke bisa tudu, rijiyarsu kuwa tana can ƙasa cikin kwari. Masu ƙarfi sukan sauka su ɗebo ruwa. Tsofaffi sai su zauna ƙofar gida, su jira wanda Allah zai taɓa zuciyarsa. A cikin gari akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, haifaffiyar ƙauyen, wadda ƙafafunta suka daina hawan tudu. Ita ce ta sayi jaki ta aika wa maigidan, ta ce a riƙa kai wa tsofaffi ruwa da shi. Ta kuma ɗauki nauyin harawarsa duk rani, domin a tudun nan in ciyawa ta bushe, ko akuya sai ta shiga tunani.

Maigidan mutum ne mai ladabi, ladabin ma har ya ɗan yi yawa. Duk ranar kasuwa sai ya biya gidan tsohuwar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ta da kwana, da gajiya, da sanyi ko zafi, wanda dai ake ciki. Ya isar da gaisuwar mai unguwa, da ta dattawa, da ta mutanen da ba su ma san ya zo ba. Daga nan ya shiga godiya, ya yi ta yi har kunun da aka kawo masa ya huce. In ta tambayi lafiyar jakin, ya ce lafiya lau. Tsofaffi fa? Lafiya lau, suna godiya. A ganinsa, wanda ya yi maka alheri ba a ɗora masa labarin wahala.

Ran nan bayan kaka, ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce bana ba za ta aika harawa ba. Ta ce lokacin da mijinta yake kwance ciwon ajali, duk wanda ta tambaya lafiya lau ya ce mata. Saboda haka ita a zatonta jakin ya daɗe da mutuwa, kunya ce ta hana su faɗa, ba ta kuwa ga laifinsu ba. Ya rantse jakin yana nan da rai. Ta ce madalla, irin madallar da ake yi wa yaro.

Ya koma gida jiki a sanyaye. In babu harawa, dole a sayar da jakin kafin damina, tsofaffi su koma zaman jira. Ya yi ta neman inda ya kuskure, daga ƙarshe ya gano: godiyarsa ce ta yi gajarta. Sai ya shirya wadda ta fi ta tsawo.

Amma da kasuwa ta zagayo, da ɗingishi ya iso. Durƙuson ma ya gagara.

Ta ce, "Ɗana, me ya sami ƙafarka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Iya."

Ta ce, "Lafiya lau ba ta sa mutum ya jingina da bango. Zauna ka gaya mini."

Da ya rasa mafita, ya sunkuyar da kai ya ce jakin ne ya harbe shi. Ashe jakin ya ɗauki wata ɗabi'a: ba ya wuce ƙofar Baba Dogara, wani tsoho makaho da ke tara masa ɓawon gyaɗa yana kuma yi masa hira. Da safen nan maigidan yana sauri ya zo gaisuwa, ya ja shi da ƙarfi, jakin kuwa ya faɗi ra'ayinsa.

Tsohuwa ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta ce, "Dogara yana nan da rai?"

Ita da Dogara tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ta tambaya ko har yanzu yana da taurin kai, maigida ya ce shi da jakin ba a san wanda ya koya wa wani ba. Daga nan zance ya ɓalle. Ya gaya mata jarka ɗaya tana yoyo, Iya Rifkatu kuma kullum tana mitar rabin ruwanta a hanya yake ƙarewa. Ya gaya mata Kaka Asabe ta rasu da damina, amma har ranar ƙarshe randarta a cike take. Tsohuwa ta yi dariya, ta share hawaye, ta sake tambaya. Shi kuwa ya tafi yana ganin ya tona asirin ƙauyensu.

Kafin wata kasuwar, harawa ta iso, da sabuwar jarka, da dusa daga maƙwabtan tsohuwar, waɗanda suka ji labarin ta kan katanga.

To, ga ma'anar misalin nan. Tsohuwar ita ce 'yan'uwanmu na nesa da suke tallafa wa aikin jinƙai na ikkilisiya, ba su taɓa ganinsa da ido ba. Jakin shi ne baikonsu. Maigidan kuwa mu ne, masu rubuta musu wasiƙa. Godiya wajibi ce, mun kuwa gode wa Allah dominsu. Amma wanda ya bayar cikin ƙauna yana so ya san ƙofar da baikonsa ya tsaya, da sunan mai ƙofar, da inda jarka take yoyo. In muka ɓoye masa wahalar, mun ɓoye masa alamar cewa aikin yana da rai. Mu faɗa musu gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, gama ita ce godiyar da ke isa inda aka aike ta.

Wasiƙar da kwamitinmu ya aika bara shafi huɗu ce. Uku gaisuwa ne, na huɗun kuwa sunayen 'yan kwamiti.