Ranar Da Aka Jefa Darakta Cikin Gonar Rake

Akwai wani dattijo a babban birninmu da ake kira Don Nicanor Arévalo. Shi ne daraktan sashen shari'a mai kula da inshorar lafiyar ma'aikata a ma'aikatar ƙwadago. Tun yana ƙaramin lauya ya shiga wurin, har furfura ta rufe masa kai. Ministoci suna zuwa suna tafiya, shi yana nan daram. In ya ce ga abin da doka take nufi, ko minista ba ya ja da shi.

Ilimi kam yana da shi. Tausayi ne Allah bai ba shi ba.

Shi ne ya yanke cewa duk wanda ɗan kwangila ya ɗauka aiki, ba ma'aikacin kamfani ba ne, don haka ba dole a sa shi cikin inshora ba. Masu gonakin rake na bakin tekun kudu suka ji daɗin wannan magana. Nan da nan suka daina ɗaukar masu saran rake da kansu, sai ta hannun 'yan kwangila.

Mu da muka tashi a can mun san abin da ya biyo baya. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana sara cikin rana, ƙodarsa ta mutu, ya je asibitin ma'aikata a ce masa ba a san da shi ba.

Wata rana wata mata mai suna Herminia ta hau motar haya tun daga kudu ta zo ofishinsa. Sana'arta sayar wa masu sara tortiya, wato wainar masara, da wake a bakin gona. Mijinta Fulgencio yana kwance a gida, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce in ba a fara yi masa wankin ƙoda ba, ba zai daɗe ba.

Ta wuni a kan benci. Da Don Nicanor ya fito zai tafi cin abinci, ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, maigidana ne. Tun yana saurayi yake sara wa kamfanin Tres Ceibas rake. Yanzu sun ce ba nasu ba ne."

"Wa yake biyansa?" in ji shi, bai ko tsaya ba.

"Ɗan kwangila. Amma raken nasu ne, motar da ke ɗaukarsu tasu ce, har addar..."

"To kin ba kanki amsa. Je ki nemi ɗan kwangilar."

"Ya canza suna, ranka ya daɗe. Kowace kaka da sabon suna yake zuwa."

Sai ya tsaya, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah, nan ba coci ba ne. In sadaka kike nema, ga cocin can tsallaken titi. Kuma a gaya wa mijinki ya riƙa shan ruwa."

Masu gadin ƙofa suka yi dariya don su faranta masa. Herminia kuwa ta juya. Ta gyara mayafinta ta koma tasha.

Da lokacin sara ya kama, ma'aikatan Tres Ceibas suka ajiye adda. Suka zauna a ƙofar masana'antar sukari, maza da mata, suka ce babu raken da zai shiga sai an sa su cikin inshora. Wanda ke jagorantarsu shi ne Ovidio, ƙanen Fulgencio, mutum mai zafin zuciya da ƙaton wuya.

Gwamnati ta tura Don Nicanor ya je ya karanta musu doka su watse. Ya tafi da murna, don ana ta raɗe-raɗin za a ba shi mataimakin minista in ya kashe wannan wuta.

Shugaban masu gadin kamfanin ne ya tarbe shi, wani tsohon soja da ake kira Kanar Ledesma. Sun sha cin nama tare a gidan mai kamfanin. Kanar ya rungume shi yana dariya.

"Lauya, ka zo da takalmin birni gonar rake? Hau nan bayan mota ka yi musu wa'azinka, in sun ƙi ji ni ma ina da nawa."

Don Nicanor ya hau, ya karɓi lasifika. Bai gama jimla ta biyu ba mutane suka fara ihu.

"Sauko ka sara layi ɗaya mu gani!"

"Ƙodarka nawa, Darakta? Ara mana ɗaya!"

Wani ya jefo guntun rake, ya bugi gilashin motar. Shi ke nan. Kanar ya ɗaga hannu.

Harbin farko ya sami wani tsoho mai suna Cirilo da ke zaune a kan bokiti, ya kife a wurin. Daga nan bindigogi suka buɗe gaba ɗaya. Mutane suka watse suna tattake juna. Wata mata ta faɗi riƙe da ciki, jini yana bin yatsunta. Wanda ya tsaya ɗaga ɗan'uwansa, shi ma aka kwantar da shi a kansa. Waɗanda suka tsira suka faɗa cikin rake, masu gadi suna binsu suna harbi ta baya.

Don Nicanor ya diro daga motar ya nufi Kanar. Kada ku ɗauka tausayi ne ya kama shi a lokacin. Haushi ne, an yi abu a gabansa ba da izininsa ba.

Ya cakumi rigar Kanar.

"Wa ya ba ka umarni? Ina tsaye a nan? Ka san ko ni wane ne? Wallahi sunanka ne zai fara fitowa a rahotona."

Kanar ya dubi hannun da ke kan rigarsa, ya yi murmushi.

"Na san ko kai wane ne, Lauya. Kai ne mutumin da 'yan yajin aiki suka sassare da adda, shi ya sa muka buɗe wuta. Ka ga, gawarka ta fi rahotonka amfani."

Kafin ya gane maganar, gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Haƙora suka zube. Mutum biyu suka ja shi cikin rake, ɗaya ya ɗauko addar da wani mai sara ya yar. Don Nicanor ya ɗaga hannun dama zai kare fuskarsa, addar ta datse shi a daidai wuyan hannu. Sara na biyu ya shiga cinya. Ya faɗi, suka bi shi da shuri har ya daina motsi.

"A cinna wa gonar wuta," ya ji Kanar yana cewa. "Ɓerayen da suka ɓuya za su fito da kansu."

Duk wanda ya taɓa ganin rake yana ci ya san ba ya jiran kowa. Busasshen ganye ya kama, ƙara kamar ana ta harbi, hayaƙi ya rufe rana. Don Nicanor ya farfaɗo yana jan jiki da gwiwar hannu, yana kiran taimako da bakin da ya cika da jini.

Mutum biyu suka ɓullo a guje ta cikin layin rake, har suka kusa taka shi. Ovidio ne, harsashi ya yage masa kunne, da Herminia a bayansa.

Ovidio ya sunkuya ya duba fuskar. Ya tofa yawu.

"Kin ga wanda Allah Ya kawo mana? Darakta ne da kansa. Ranka ya daɗe, wa yake biyanka? Je ka nemi ɗan kwangilar."

"Ku taimake ni," in ji Don Nicanor. "Don Allah."

"Mu tafi, Yaya. Wutar ta iso."

Herminia ta tsaya tana dubansa. Ta gane shi sarai. Sai ta cire mayafinta, ta durƙusa, ta ɗaure dungulmin hannun da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Kama ƙafafunsa," ta ce.

"Yaya, kin haukace? Wannan ne ya kwantar da yayana. Wannan ne ya sa aka kashe tsoho Cirilo yanzu a gabanki."

"Na sani. Kama ƙafafunsa, Ovidio. In ba za ka kama ba ka tafi, zan ja shi ni kaɗai."

Ovidio ya yi ashar, ya zagi Darakta, ya zagi uwar da ta haifi kamfanin. Sannan ya saɓa mutumin a kafaɗa kamar damin rake.

Ba su kai bakin gona ba wutar ta cim musu. Suka faɗa cikin kwatar ban-ruwa, ruwan iya ƙirji. Herminia ta tallafe kan Don Nicanor don kada ya nutse, ta juya wa wutar baya. Harshen wuta ya bi ta kansu. Gashinta ya kama, rigarta ta manne da fatar bayanta. Ta cije leɓe, ba ta sake shi ba.

Da wutar ta wuce, suka ja shi har ƙauye. Aka ɗora shi a amalanken shanu, aka rufe shi da buhuna, limamin coci ya zauna a gaba don kada a tare su, har asibitin gwamnati.

Kafin ya farfaɗo, rediyo ta riga ta sanar cewa 'yan yajin aiki sun kashe babban jami'in gwamnati. 'Yan sanda suna bin gida-gida suna kwashe maza. An kama Ovidio, an karya masa haƙarƙari a ofishinsu.

Wani babba daga ma'aikata ya zo duba Don Nicanor, ya ja kujera kusa da gado, ya rage murya.

"Nicanor, ka sha wuya. Ba wanda zai zarge ka in ka ce ba ka tuna komai ba. Kujerar mataimakin minista tana jiranka."

A gadon da ke kallon nasa, ana canza wa Herminia bandeji. Tana kife, ma'aikaciyar jinya tana ɓare ƙyallen daga naman bayanta, ita kuma ta cusa fuska a matashi don kada a ji kukanta.

Don Nicanor ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Na tuna komai. Kira mini alƙali, ka kira 'yan jarida."

Ya faɗi abin da ya gani, da bakinsa marar haƙora, bai rage ko ɗaya ba. Aka saki Ovidio da sauran. Aka kama Kanar Ledesma a kan iyaka yana shirin tsallakewa. Mai kamfanin dai ya riga ya hau jirgi, har yau ba a dawo da shi ba.

Kujerar mataimakin minista ta tafi wurin wani. Abokan cin nama suka daina ɗaukar wayarsa. Shi kuwa ya koma ofis da hannu ɗaya da sanda, ya zauna ya warware dokar da ya ɗaure da kansa. Ya tsaya gaban majalisa ya ce fassararsa kuskure ce, kuma ya san kuskure ce tun ranar da ya yi ta. Aka yi ta ja, aka yi masa barazana, aka ƙona motarsa a ƙofar gida. Bai janye ba sai da aka amince cewa duk mai saran rake ma'aikacin wanda ya mallaki raken ne, kuma dole a sa shi cikin inshora.

Amma Fulgencio bai ga wannan rana ba. Ya rasu ana tsakiyar muhawara.

Don Nicanor ya je jana'izar. Ya tsaya can baya, mutane suna kallonsa, ba wanda ya ba shi wuri. Da aka gama rufe kabari, ya ɗingisa har gaban Herminia, ya cire hula.

"Doña Herminia, na zo neman gafara."

Ta dube shi, idanunta a bushe.

"Ban fitar da kai daga wuta don na yafe maka ba, Don Nicanor. Ba zan iya tsayawa ina kallon ɗan Adam yana ƙonewa ba, shi ke nan. Kai ka iya, shekara da shekaru. Gafara kuwa, wanda ya kamata ka roƙa ga shi nan a ƙasa."

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Akwai mutum fiye da goma a ƙauyen nan da ƙafafunsu suka fara kumbura. Ka je ka gama aikinka kafin mu sake haƙa wani ramin."

Ya koma. Bai yi ritaya ba sai da motar asibiti ta fara shiga ƙauyen tana ɗaukar marasa lafiya zuwa wankin ƙoda.

Darasi: Hukuncin da kake yankewa a kan kujera, a jikin wani yake sauka. Waɗanda kake zalunci don ka faranta musu, su ne za su fara sayar da kai ranar da ka daina amfani, wanda ka wulaƙanta kuma yana iya zama shi ne zai tsaya maka. Ka gyara tun mutumin yana da rai, don tuba ba ta tayar da matacce. In kana da ɗan'uwa ko aboki da ke riƙe da haƙƙin ma'aikata a hannunsa, tura masa wannan labari ya karanta.