Ranar da Royce Tillman Ya Wuce Ayarin Gawa

Royce Tillman mutumin kirki ne, wannan kowa a gundumar Ansley zai shaida. Shekara goma sha tara ya yi yana mataimakin sherif, ba a taɓa jin ya ci zalin wani ko ya karɓi abin hannun wani ba. In saniya ta tsinke ta hau titi, shi ake kira. In mota ta faɗa rami, kafin mai kiran ya ajiye waya Royce ya iso. Aibinsa guda ɗaya ne tak, gaggawa. Allah bai hore masa jira ba. A tsaye yake cin abinci, a bakin ƙofa yake ƙarasa ɗaure takalmi, a coci kuwa tun kafin a ce amin makullin mota na hannunsa. Matarsa Darlene takan ce ranar aurensu ma sai da fasto ya roƙe shi ya bari a gama tambaya tukuna ya amsa.

Da tsohon sherif ya ce ya gaji zai huta, sai Royce ya fito takara. A nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka kujerar sherif ba ƙarama ba ce. Shi ne shugaban 'yan sandan gunduma, gidan yari na hannunsa, kuma jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'arsu. Royce ya daɗe yana son kujerar nan, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Wadda ta fito karawa da shi ita ce Yvette Maddox, mai binciken laifuka a ofishinsu, mace mai sanyin magana wadda in ta zauna sauraron mutum sai ka ce ba ta da wani aiki a duniya.

Yaƙin neman zaɓe ya yi wa Royce daɗi ƙwarai. Ya sa aka rubuta sunansa a gefe biyu na motarsa ta a-kori-kura, kowane harafi ya kai tsawon hannu, a ƙasa kuma aka rubuta Tsaro da Amana. Magoya bayansa suka kafa allunan sunansa a ƙofar gidajensu, har ya zama in ka bi hanyar gonakin auduga kana iya karanta Tillman sau ɗari kafin ka isa gari. Yana bi gida-gida yana gaisawa, ana ba shi kujera a baranda, ana kawo masa shayi mai ƙanƙara. Sai ya kurɓa sau biyu ya miƙe.

"Royce, ka riƙa shanye shayin mutane mana," in ji Darlene wata rana suna fitowa daga wani gida. "Tsohuwa ta ɗauko maka labarin jikanta, kai kana leƙen agogo."

"Gida arba'in ne a gabana yau, Darlene."

"To gidajen gudu za su yi?"

Ya yi dariya ya tayar da mota. Gaskiya kuwa babu wanda ya riƙe shi da wannan, don an san halinsa, an kuma san aikinsa. A shagon aski da wurin sayar da taki magana ɗaya ake yi, cewa Royce ya riga ya ci, ranar kawai ake jira.

Saura kwana goma zaɓe, ranar Asabar, 'yan kwana-kwanan ƙauyen Coley suka yi taron suyar kifin da suka saba yi duk shekarar zaɓe. Rabin gunduma na zuwa. Ana soya tarwaɗa a manyan tukwane, kowane ɗan takara kuma a ba shi minti goma ya hau bayan tirela ya yi magana. An sa wa Royce ƙarfe ɗaya daidai, kuma tsoffin da ke riƙe da taron ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Darlene ta riga shi tafiya don ta taya mata aiki. Shi kuwa ya ce bari ya ƙara gida shida kafin ya taho, shida suka zama tara, sai ga shi a kan hanya saura minti ashirin.

Yana shan wata kwana sai ya tarar da jerin motoci a gabansa, fitilunsu a kunne da rana tsaka, suna tafiya a hankali kamar masu bin garma. Ayarin gawa ne. A wajenmu in ayarin gawa na tafe, motocin da ke fuskantarsa sauka suke yi gefen hanya su tsaya cik har ya wuce, ko sun san mamacin ko ba su sani ba. Wanda ke baya kuwa bi yake yi a hankali har ayarin ya karkata zuwa maƙabarta. Royce ya san wannan sarai. Mahaifinsa har fitowa yake yi daga mota ya cire hula ya ɗora a ƙirji.

Ya bi su minti biyar yana buga yatsa a kan sitiyari. Ya duba agogo, ya sake dubawa. Sai hanya ta miƙe sambal, ga ɗaya hannun fayau, don duk masu tahowa sun sauka gefe sun tsaya. Zuciyarsa ta ce masa ai minti ɗaya ne, wa zai lura? Ya taka mai. Mota talatin da ɗaya ya wuce, ya wuce ta gawar, idonsa a kan hanya, bai yarda ya dubi kowa ba. Su kuwa duk sun dube shi, kuma ba su sha wahalar gane mai motar ba.

Ya isa saura minti biyu, ya haye tirela ya yi jawabin da bai taɓa yin mai daɗinsa ba. Ya yi maganar ɓarayin da ke kwashe wa manoma man gas da kayan aiki. Ya ce zai ƙara sintiri a hanyoyin ƙauye, ya ce ƙofar ofishinsa a buɗe za ta kasance ga baƙi da fari, mai gona da ɗan ƙwadago. Aka tafa masa sosai. Ya ci kifi ya ƙoshi, ya koma gida ransa fes.

Ranar Lahadi a coci ba wanda ya ce masa komai, sai dai gaisuwar ta ɗan gajarta. Da safiyar Litinin ya fito ya tarar da allunan sunansa guda uku an jingine su a barandarsa, an ma goge musu laka. Ranar Talata suka zama goma sha huɗu. Ba wanda aka karya, ba wanda aka yi wa rubutu, dawo masa da kayansa kawai aka yi cikin mutunci. Wannan ya fi zagi ciwo, don bai san wanda zai yi wa faɗa ba.

Darlene ce ta samo bakin zaren a shagon gyaran gashi. Ta dawo ta ajiye jakarta ta ce, "Maigida, gawar wa ka wuce ranar Asabar?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na makara ne."

"Mama Odessa Pruitt ce."

Ya nemi kujera ya zauna. Mama Odessa shekara talatin da takwas ta yi tana dafa wa 'yan firamare abinci. Shekarar da mahaifin Royce ya rasa aiki, ita ce ke ƙara masa burodin masara a faranti ta yi kamar ba ta san ta ƙara ba. Ya ji labarin rasuwarta, ya ce zai je gaisuwa in ya samu sarari, bai samu ba. Kunya ta rufe shi.

"Bari in kira gidan rediyo yanzu in ba da haƙuri," in ji shi, ya riga ya ɗauko waya.

"Ka ga halin naka ko? Har ban haƙurin ma da gudu za ka yi. Rediyo ka yi wa laifi? Tashi ka je wajen Cleon."

Cleon shi ne babban ɗan marigayiyar, makanikin taraktoci ne. Royce ya same shi da la'asar, hannunsa duk baƙin mai. Cleon ya wanke hannu, ya nuna masa kujera a baranda, ya kawo dafaffiyar gyaɗa a kwano ya ajiye tsakaninsu. Suka yi ta ɓare gyaɗa. Ƙafar Royce ta so ta motsa, ya danne ta. Can Cleon ya fara ba da labarin mahaifiyarsa, tun daga ƙuruciyarta har ciwon da ya ɗauke ta. Awa biyu Royce ya zauna, bai dubi agogo ko sau ɗaya ba. Da aka gama ya ce, "Cleon, na yi abin kunya, ba ni da hujja. Ka yafe mini."

"Ina cikin motar da ke bin ta gawa," in ji Cleon. "Da na hango taka ta taso, sai na ce wa ƙanwata, ga Royce nan ya zo ya ja wa Mama gaba, kamar yadda 'yan sanda ke yi wa ayarin gawa. Har ta share hawaye ta yi murmushi. Sai muka ga ka wuce."

Royce ya sunkuyar da kai.

"Na yafe maka, ɗan'uwa, har zuciyata. Da Mama na nan dariya za ta yi, ta ce yaron nan tun yana ƙarami bai iya tsayawa a layi ba. Amma ƙuri'ata ba zan ba ka ba. Wata rana zan zo ofishin sherif da matsala mai dogon bayani, ina son in tarar da wanda zai jira ya ji ƙarshenta."

"Gaskiyarka," in ji Royce. Cleon ya ƙulle masa sauran gyaɗar a takarda ya ce ya kai wa Darlene.

Aka yi zaɓe, Yvette Maddox ta ci da ratar ƙuri'a hamsin da takwas. Royce bai tambayi kowa inda ƙuri'un suka tafi ba, don babu motar da ta ɗauki ƙasa da mutum biyu a ayarin nan. Abin ya yi masa zafi, ya faɗa wa Darlene haka ba kwana-kwana. Amma da safe ya sa kakinsa ya je ya yi wa Yvette murna.

"Kada ka ce za ka ajiye aiki," in ji ta. "Ba wanda ya san lungunan gundumar nan kamarka."

"Ba inda za ni, ranki ya daɗe. Alfarma ɗaya nake nema. Ki bar mini rakiyar gawa."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai? Ka san irin gudun da ake yi kuwa?"

"Na sani. Na gan shi da idona."

Ta ba shi. Har yau shi ke jan gaban duk wani ayarin gawa a Ansley, ya tsaida motarsa a mararraba ya fito ya tsaya har motar ƙarshe ta wuce. Bai sake neman kujerar ba, yakan ce ta faɗa hannun da ya dace. Shi da Cleon kuma sun zama abokan kamun kifi, ko da yake Cleon ya ce har yanzu Royce na jan ƙugiya kafin kifi ya gama haɗiyewa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, amanar jama'a ba a kan dandalin jawabi ake samunta ba. Mutane suna auna mai neman shugabancinsu ne a lokacin da yake ganin uzurinsa ya fi baƙin cikinsu muhimmanci. Royce ya yi aikin kirki na shekara goma sha tara, rashin haƙurin minti goma ya raba shi da abin da ya fi so. Duk inda kake sauri za ka, mai karatu, in ka tarar da mutane cikin abin da ya dame su, ka tsaya ka ba su lokacinsu. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka taka da ƙafarka ka nemi gafara, ka karɓi abin da ya biyo baya da zuciya ɗaya, za ka samu kwanciyar rai ko da kujerar ta kuɓuce.