Zobban Waziri Gwadabe

A wani zamani da ya shuɗe, wani sarki ya ba da umarni a ƙera wa hakimansa zobban shaida, kowa da nasa, kada biyu su yi kama. Waziri Gwadabe, wanda ya fi son lissafi da tuwo, shi ya ɗauki aikin. Ya samo zare uku, ja da fari da baƙi, ya kewaya su da'ira. Ya gindaya sharaɗi: ƙulli huɗu, a kowane ƙulli zare biyu su yi musayar wuri, kada a bar ko ɗaya saniyar ware, kuma kowanne ya koma inda ya taso. Da ya ƙirga sai ya sami hanya ashirin da huɗu, daidai yawan hakimai. Maƙera suka ƙera, amma da azurfa zalla, domin al'adar fadar ta hana launi a kayan sarauta.

Ana nan sai aka cinna wa rumbun sarki wuta, aka tsinci zobe cikin toka. Wani hakimi, Turaki Mamuda, ya nuna wa fada cewa ƙirarsa ɗaya da wanda ke yatsan Jatau, Sarkin Rafi.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga nawa a hannuna."

Turaki ya ce, "Na biyu ya sa aka ƙera masa a ɓoye."

Sarki ya yanke wa Jatau hukuncin kisa. Waziri kuwa, don ya nuna gwaninta, ya roƙi a tara zobban duka a faifai kowa ya ga bambancinsu. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani, sai ya ga ƙirarsu ɗaya. Ya jera, ya sake jerawa. Kashi huɗu kawai suka rabu.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, a tsai da hauni, kada ya sare shi. Launin zare ne ya raba su. Zare uku ana iya sauya musu launi hanya shida, ƙullin bai canja ba. Da launi ya tafi, kowace ƙira ta zama ta mutum shida."

 Sarki ya ce, "Kowa ya ɗauki zobe a rukunin ƙirarsa."

Masu ƙira irin ta Jatau su shida suka matso, zobba biyar ne a gabansu, ban da wanda aka tsinta a toka. Mutum biyar suka miƙa hannu. Turaki ya tsaya, hannunsa cikin riga. Da dogarai suka zaro hannun, sai ga farin tabon zobe a yatsa, fatar gefensa duk ƙuna.

Aka kwance Jatau, aka ɗaure Turaki da igiyar. Jatau ya zo wucewa ta gaban Waziri, ya tsaya ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, gobe in za ka ƙirga wani abu, ka tabbata babu wuyana a ciki."