Taƙi Biyu na Bututun Bindiga

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, ni kuma daga bakin kakana na ji, cewa a zamanin Sarki Jatau wata ɓauna ta addabi manoman bakin kurmi, har ta kashe mutum huɗu a damina ɗaya. Ciroma, ɗan Sarki tilo, ya rantse a gaban fada shi zai kashe ta.

To, al'adar garin ita ce a auna bindiga da tsayin mai ita, daga ƙasa zuwa haɓa. Gajera kuwa ta talaka ce. Sarki ya sa aka kira Gwadabe, tsohon maƙerin garin, ya ce, "Doguwa ko gajera, wacce za ta dawo mini da ɗana?"

Waziri, sarkin shisshigi, ya yi caraf ya ce, "Allah ya ja zamaninka, har tambaya ce? Ɗan Sarki da guntuwar bindiga, ai sai mata su yi mana waƙa!"

Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in ba da labari."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Gwadabe ya ce, "An yi wani maƙeri mai ɗa guda, maharbi, ana ce masa Shekarau. Ɗan ya roƙi uban ya rage masa taƙi biyu daga bututun bindigarsa. Ya ce doguwa ta fili ce, inda ake hango barewa daga nesa, amma a kurmi ɓauna ba ta nuna kanta sai ta zo taku goma. Uban ya ce faufau, ɗansa ba zai ratsa kasuwa da bindigar talakawa ba. Ran da ɓauna ta taso wa Shekarau daga hagu, ya juya zai saita, bakin bindigar ya sarƙe a kurangar itace. Ko kunamar bindigar bai taɓa ba. Da aka kawo gawarsa, albarushin na nan a cikin bindigar."

Sarki ya ce, "Wane ne wannan maƙerin?"

Gwadabe ya ce, "Ga shi durƙushe a gabanka. Shekara goma sha tara ke nan, wallahi ban yafe wa kaina ba."

Sarki ya ce, "Yanke taƙi biyu daga bindigar Ciroma, baba. Mata su yi waƙarsu."

Waƙar kuwa sun yi ta, har da tafi. Amma ɓaunar ta taso wa Ciroma a taku bakwai, ya juya cikin sarƙaƙiya, ya harbe ta a ƙirji. Ya dawo gida da ƙafafunsa.

Sarki ya naɗa Gwadabe Sarkin Maƙera, ya ba shi riga da doki, ya hana auna bindiga da tsayin mutum. Masu littafin suka ce darasin shi ne a auna makami da dajin da za a shiga, idon jama'a ba ya tare ƙaho.

Kakana ya ce tsohon bai taɓa hawa dokin nan ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne guntun ƙarfen da ya yanke. Ya tafi da shi makabarta, ya kafa a kan kabarin ɗansa, ya zauna yana kuka, yana cewa, "Ɗan wannan ka roƙe ni, Shekarau. Ɗan wannan kawai."