Jan Baki Mai Launin Zoɓo

Akwai wata mata a unguwar Takur, cikin Dutse, sunanta Mashkura. Shagon kayan gyaran jiki gare ta, ɗan madaidaici, amma matan garin sun san ƙofarsa. Man kaɗanya, sabulun salo, dilka, kurkur, lalle, duk da hannunta take haɗawa. A gefe guda kuma akwai wata 'yar kanta ta gilashi inda take jera jan baki 'yan waje, irin waɗanda in ka ji kuɗinsu sai ka ce a mayar da su inda aka ɗauko.

Mashkura mutuniyar kirki ce, wannan ba na ja. Aibinta ɗaya, baki. Kafin ta yi tunani zolaya ta riga ta fito, kuma yawancin masu zuwa shagon ma don hirar tata suke daɗewa.

Wata rana da hantsi shagon ya cika. Hajiya Ikilima, babbar mai sayayyarta, ta tara kaya a gabanta tana zaɓe, wasu 'yan jami'a kuma suna gwada hoda a bayan hannu. Sai ga wani dattijo a bakin ƙofa, dogo, siriri, da malafa da sanda a kafaɗa. Ya cire takalmansa ya yi sallama, kamar wanda zai shiga ɗakin surukai.

Sunansa Malam Jaji, makiyayi ne daga wata ruga a wajen Buji. Tun da yake bai taɓa taka irin wannan shago ba.

"Baffa, sannu da zuwa. Me za a ba ka?" in ji Mashkura.

Maimakon ya amsa, sai ya shiga gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya kasuwa, ya zafi. Ita kuwa hankalinta yana kan Hajiya, tana amsawa sama-sama.

"Lafiya lau, Baffa. Me kake so?"

Ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. "Abin nan nake nema. Wanda ake shafawa a baki."

"Jan baki? Na wa?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Na wata ce a gida."

Nan fa bakin Mashkura ya yi halinsa. Ta tafa hannu ta ce, "Lalle! Ashe lefe Baffa yake haɗawa! Amarya za a yi ba a gaya mana ba?"

Shagon ya ɗauki dariya. Hajiya Ikilima har da dafa kanta, tana cewa tsofaffin yanzu ba su san sun tsufa ba.

Malam Jaji bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya duƙa ya ɗauki takalmansa, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa," ya juya. Mashkura ta bi shi da kallo, ta ga ko takalman bai tsaya sawa ba. Mai shirin angwanci ba ya fita haka.

Ta yafa mayafi ta bi shi, Hajiya tana kiranta ba ta waiga ba. Ta same shi zaune a gindin darbejiyar da ke bakin titi, ya tasa sandarsa a gaba.

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku wani abu. Dattijo irin Malam Jaji ba ya kiran sunan matarsa, ba ya ma iya cewa "matata" a gaban mutane. Kunya ce da aka raine shi a cikinta tun yana bin maruƙa. Ita Mashkura ta san haka sarai, domin kakarta 'yar ruga ce. Sani ne dai bai rigi bakinta fitowa ba.

Ta durƙusa a gabansa ta sake gaisuwar daga farko, a natse, har da tambayar dabbobi da damina. Sai da ta ga kafaɗunsa sun sauka sannan ta ce, "Baffa, ka yafe mini, bakina ne ya yi sauri. Yaya Inna?"

Ya nisa. "Da sauƙi."

Da jin wannan amsar ta san akwai magana. Ba ta ce ya ba ta labari ba, don ta san ba zai iya ba. Sai ta dinga yin tambaya ƙarama-ƙarama, yana amsawa da kalma ɗaya ko gyaɗa kai, har zancen ya haɗu.

Bara ne iska ta kaɗa wuta ta kama mayafin Inna Hassana, matarsa, tana tsaka da girki. An kawo ta asibiti a Dutse ta warke, amma ƙunar ta bar mata tabo daga kunci har wuya. Tun daga ranar ta kife madubinta. Ta daina kai nono kasuwa, ta daina zama a tsakar gida, ko abinci za ta miƙa masa sai ta ja mayafi ta juya gefe.

Yanzu kuma 'yarsu ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya, a gidansu za a yi suna. Dangi za su taru daga ko'ina. Inna Hassana ta rantse ba za ta fito daga ɗaki ba, wai kada ta tsorata baƙi ranar sunan jikanta.

"Na rasa abin da zan ce mata," in ji shi. "Mu ba mu iya irin wannan maganar ba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani busasshen zoɓo guda ɗaya, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Irin wannan launin take shafawa da. Ranar da na fara ganinta da ƙwarya a kasuwar Shuwarin, shi ne a bakinta."

Wallahi, jama'a, ni ma da aka kawo nan a labarin sai da tausayinsa ya kama ni. Mashkura kuwa ƙwalla ce ta cika mata ido, ta yi saurin gogewa da gefen mayafi don kada ta ƙara masa nauyi.

"Baffa, taso mu koma. Ba wanda zai sake yi maka dariya."

Da suka shiga, ta ba shi kujera a bayan kanta inda ido ba ya kaiwa sosai. Ya tambaye ta a hankali ko akwai man da ke goge tabo, don an ce masa a birni ana sayarwa, ko nawa ne zai biya.

Da wata ce, da ranar ta yi ciniki. Mashkura ta girgiza kai.

"Baffa, kada kowa ya cuce ka. Babu man da zai goge shi, kuma masu sa fata ta yi fari ɗin nan ɓata wurin za su ƙara yi. Ga man kaɗanya tsantsa, ba turare a ciki, zai sa wurin ya yi laushi ya rage ja mata. Shi ma in kun koma asibiti a nuna musu tukuna."

Sai ta buɗe kantar gilashin ta dinga fito da jan baki ɗaya bayan ɗaya, tana kara zoɓon a jikinsu. Wannan ya cika haske, wancan ya yi duhu. Guda ɗaya ne ya dace, shi ne na ƙarshe a irinsa, kuma yana cikin mafiya tsada. Ta gaya masa gaskiyar kuɗin, ta nuna masa wani mai araha da ya ɗan yi kusa.

Ya ɗaga zoɓon ya dubi wannan, ya dubi wancan, kamar mai zaɓen saniya. Ya nuna mai tsadar. "Wannan ne. Wancan ba shi ba ne."

Tana cikin naɗewa Hajiya Ikilima ta leƙo. Ɗazu ta wuce jan bakin ba ta ko kalle shi ba, amma yanzu da ta ga ana sa shi a kwali sai ya yi mata kyau.

"Ke Mashkura, wannan za ki ba shi? Wace amaryar ƙauye ce ta san darajarsa? Ba shi na ɗari biyu-biyun nan, ni ki sa mini wannan a kayana."

"Hajiya, ki yi haƙuri, an riga ki."

"An riga ni? Ni da nake sayayya a nan tun kina talla a leda? To gaya mini wace ce wannan da ta fi ni."

Kalma biyu kawai Mashkura za ta faɗa Hajiya ta yi sanyi, domin ita ma ba dutse ba ce. Amma faɗar tana nufin a baje sirrin Inna Hassana a gaban 'yan mata, mijinta yana zaune yana ji. Ta dubi Malam Jaji, ta ga ya sake sunkuyar da kai. Mai saurin bakin nan, ranar sai ta kama bakinta.

"Hajiya, na Baffa ne. In an kawo wani ke zan fara kira."

Hajiya Ikilima ta ture kayan da ta tara, ta ɗauki jakarta ta fice, tana cewa ba a nan kaɗai ake sayar da man shafawa a Dutse ba. Mashkura ta ji zafin abin, ba ƙarya, cinikin ba ƙarami ba ne. Haka ta haɗiye ta ci gaba da naɗinta.

Malam Jaji ya biya kuɗin jan bakin, man kaɗanyar kuwa ta ce kyauta ce ta gaida Inna. Ya karɓi ledar, amma ya tsaya yana jujjuya ta.

"'Yata, to yaya zan yi in ba ta?"

Ta yi murmushi, don ta san hannu da hannu ba zai iya ba. "Wace ƙwarya take fara ɗauka da safe?"

"Ta tatsa."

"To ka saka a ciki, ka rufe da faifai. Ka ɗora zoɓon nan a kai. Ba sai ka ce komai ba."

Ya tafi. Kwanaki suka wuce, Hajiya ba ta dawo ba, daga Buji kuma shiru. Mashkura takan dubi gurbin jan bakin a kanta ta ce a ranta, ko Inna ta fito, ko tana ɗaki har aka watse? Ba ta da lambar kowa, ba ta da wanda za ta tambaya.

Sai wata safiya tana sharar ƙofar shago ta ji sallama. Wata dattijuwa ce doguwa, da ƙwarya a ka. Mayafinta yana kafaɗa, tabon yana nan a fili daga kunci har wuya, ba ta rufe shi ba. Leɓenta kuwa launin zoɓo.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Mashkura.

"Ke ce mai shagon?" in ji matar. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifai, man shanu ne sabo, fari tas. "Ga tukuicinki. Shi wancan ne ya nuna mini ƙofar."

Mashkura ta duba tsallaken titi. Ga Malam Jaji can gindin darbejiya, ya ba su baya, wai shi kallon a-daidaita-sahu yake yi.

"Inna, kin fito ranar sunan?"

"Ni na riƙe jaririn aka yi masa aski." Ta shiga ta zauna a kujerar da mijinta ya zauna. "'Yata, ba tabon ne ya kulle ni a ɗaki ba. Tun da na dawo daga asibiti mutumin nan bai ce mini komai ba a kan fuskata. Na zaci ya daina iya kallona ne. Da na buɗe ƙwarya na ga zoɓon nan, sai na zauna na yi ta kuka har shanu suka gaji da jirana. Ni kaina na manta launin da na shafa ranar. Ashe shi yana riƙe da shi."

Tun daga lokacin Inna Hassana take kawo wa shagon man shanu duk sanda ta shigo gari, Mashkura tana saya tana haɗa man kitso da shi. Man ya karɓu har ana layi. Hajiya Ikilima ma da ta ji labarin man a gari ta dawo, tana basarwa kamar ba abin da ya faru, Mashkura kuma ta tarbe ta da fara'a ba ta tayar da zancen ba.

Amma mu koma waccan safiyar. Da Inna ta tashi tafiya, Mashkura ta riƙe hannunta, kunya ta rufe ta.

"Inna, akwai maganar banza da na yi wa Baffa ranar. Har yau tana damuna."

Inna Hassana ta yi dariya, dariya sosai, ba ta kare fuska ba.

"Da ƙyar na tatso labarin daga bakinsa. An ce kin ce amarya zai yi ko?" Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta gyara mayafi. "Ai ba ki yi ƙarya ba, 'yata. Ga amaryar nan ta zo da kanta."

Darasi: Kada ka yi wa mutum dariya a kan abin da ya zo nema, ba ka san nauyin da ya ɗauko daga gida ba. In bakinka ya yi kuskure, bi shi ka gyara tun bai yi nisa ba, kuma ka rufa masa asiri ko da za ka yi asara. Ku kuma masu kunyar faɗa wa na gida cewa har yanzu suna da daraja a idonku, ku nemi hanyar nunawa, don shirunku yana iya yi musu ciwo. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wadda ke zaune a ɗaki tana jiran a tuna da ita.